A Buɗe Zauren Sana'a A Unguwanni Tun Gwanayenmu Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙananan hukumomin birnin Kano da kewaye. Kiran namu a kan zauren sana'a ne na unguwa, wurin da yaro ɗan shekara bakwai da tsohuwa 'yar saba'in za su riƙa shiga suna aiki da hannunsu, kowa yana ƙaruwa da ɗan'uwansa.

Sunayen unguwanninmu sun isa shaida cewa da sana'a aka gina garin nan: Dukawa, Soron Ɗinki, Lokon Maƙera. Ga karofin Ƙofar Mata da ake cewa yana nan tun 1498, ga rinin Kura, ga saƙar Minjibir. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, tufafin da ake saƙawa a rina a nan su ne abin da ya fi jinjina wa a arzikin garin. A wancan zamani ba a kai yaro wata cibiya ya koyi sana'a. A zauren ubansa ko na maƙwabci yake tashi yana miƙa basilla, yarinya kuma tana gefen kakarta tana kallon yadda ake murza mazari. Yanzu sababbin gidaje ba su da zaure, sai ƙofar ƙarfe. Yaro yana boko da safe, islamiyya da yamma. Tsohon da ya san aska takwas zare-zare yana zaune a dakali shi kaɗai, jikansa kuma yana bakin titi bai san abin da zai yi da ranarsa ba. Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba, amma babu wurin da ke haɗa su.

Mun san ana shirya horon koyar da sana'a, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai irin wanda ake yi na wata uku, a raba takardar shaida da keken ɗinki a watse, ba ya barin komai a unguwa. Ba a gwanancewa a wata uku, shi ya sa kekunan da yawa suke ƙarewa a kasuwa. Kuma samari da 'yan mata kaɗai ake kira, a bar yara da tsofaffi, alhali ilimin yana hannun tsofaffin ne, yaran kuma su ne masu lokacin ɗaukarsa. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'a inda ake koyar da dukanci da ƙira da ɗinki. A Abuja ta da, wadda ita ce Suleja a yau, Michael Cardew ya kafa wurin koyar da ginin tukwane, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Da gwanintarta ta gida ta zo, ta koyi aiki da sababbin kayan aiki, su kuma suka ƙaru da hannunta da zanenta, har hotonta ya hau takardar naira 20. Haka muke so a shigo da gwanayen unguwa, a matsayin malamai masu daraja.

Maganar farko ita ce wuri, kuma a nan ake fara yin kuskure. Wani bawan Allah zai ce ga kangona ku yi amfani da shi, a yi murna, a zuba siminti a kafa rumfa, ba a rubuta komai ba. Ran da ya kwanta dama magada su zo rabon gado, aikin ya tashi. Ko aro ne ko haya ko waƙafi, a rubuta a takarda, mai unguwa da liman su sa hannu, a kai wa hakimi kwafi, kuma wa'adin kada ya gaza shekara 5. Ɗaki ɗaya mai mita 4 a 6 ya isa aikin da ba ya son ƙura, wato ɗinki da zane da dukanci. Sai fili a waje da rumfa, don yumɓu da rini da saƙar kaba. A sa tagogi a gefen arewa da kudu, domin na gabas da yamma suna shigo da rana kai tsaye ta kashe wa mai ɗinki ido. A yi ɗan sito mai kulle, da banɗaki biyu, da randa biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta aiki, kada a haɗa musu moɗa. Dokin ƙofa kada ya yi tudu, saboda tsoho mai sanda da mai keken guragu.

Wuta kuwa a yi lissafinta tun farko. Ƙwai 6 masu wat 10 da fanka 2 masu wat 70 sun kama wat 200, a awa 5 sun ci wat-awa 1,000, wato wat 200 sau awa 5. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar kusan wat-awa 2,400, amma idan na ruwa ne rabi kawai ake sha, in ana zuƙe shi ƙarƙaf ba zai yi ƙarko ba. Farantan sola 2 masu wat 300 za su cika shi, muddin ana goge musu ƙura, musamman da hunturu. Abin da ke kashe irin wannan haɗi shi ne dutsen guga na lantarki, wanda shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye. A ajiye na gawayi, kuma a hana mayar da zauren shagon cajin waya.

Kada a buɗe da sana'a goma. A fara da uku ko huɗu, waɗanda akwai gwanayensu a unguwar, domin malamin da sai an biya masa kuɗin mota daga nesa ba zai daɗe yana zuwa ba. A bi gida-gida a tambaya. Za a tarar da tsohuwa mai saƙar faifai, da wadda ta ajiye bakan shiɓa da magurji a ƙarƙashin gado, da tsohon baduku da ya daina fita kasuwa, da alaramma mai zayyanar allo.

Yumɓu shi ne ƙofar shigar ƙananan yara, daga shekara 6 zuwa 9, don ba shi da kaifi kuma in an ɓata sai a sake cuɗawa. A jiƙa shi kwana biyu, a tsince tsakuwa, a haɗa da dakakken tsingaro, awo 1 na tsingaro ga awo 3 ko 4 na yumɓu. Tsingaron ne ke rage tsagewa. A cuɗa sosai har iska ta fita. Kaurin abin da yaro ya gina kada ya wuce ɗan yatsa, in dabba ya gina mai ƙaton ciki a rarake cikin. A shanya a inuwa mako guda ko fiye. Da hunturu a lulluɓe da leda kwana biyun farko, saboda iskar tana busar da baki kafin gindi, sai tukunyar ta dare. Abin da ke fashewa a wuta kusan kullum danshi ne ya rage a cikinsa, don haka a jera kayan kusa da wuta su yi ɗumi kafin a rufe su da kara da ciyawa a cinna. A gaya wa yaro tun farko cewa abinsa zai ɗan tsuke in ya bushe, kuma wani zai fashe, don kada ya yi zuciya ya daina zuwa. Wurin yumɓu ba a share shi a bushe, a yayyafa ruwa a goge, domin ƙurarsa tana illa ga huhu. Babba ɗaya zai iya lura da yara 8 a wannan aiki.

Daga shekara 10 sai allura: ɗinkin hula, surfani, saƙar faifai da tabarma. A nan ne almajirai suke da abin bayarwa, don da yawansu sun iya feƙe alƙalami da dama tawada da ƙaro, kuma gardawa da dama gwanayen ɗinkin hula ne. A ba su rana su koya wa 'yan boko zayyana, su kuma su koyi awo da lissafin farashi. Wuƙar dukanci da keken ɗinki sai an kai 14, kuma babba ɗaya ga mutum 4.

Kekunan ɗinki 3, irin waɗanda ake takawa da ƙafa, sun isa farawa. Yawancin abin da ake kira lalacewar keke hannun ɗan koyo ne. In ya juya ƙafar keken ta koma baya zare ya cukurkuɗe a ƙasa. In ya sa allura a karkace keken ya riƙa tsallake ɗinki. In ya sa allura lamba 14 a yadi mai kauri da ke son 16 ko 18 ta karye. Mako na farko a cire zare, ya yi ta taka keken a kan takarda har ƙafarsa ta zauna. Man keke kawai za a ɗiga masa. Man gyaɗa yana daskarewa ya kama ƙura ya riƙe ƙarfen.

A ɓangaren fata muna da gargaɗin da ba ma so a ɗauke shi da wasa, wato gam ɗin manna takalmi. Shi ne sholishon da ke lalata mana yara. A ajiye shi a akwati mai kulle, malami ne kaɗai zai buɗe, a waje cikin iska, ya ɗiba daidai aikin ya mayar. Jakar hannu da zabira ba sa ma bukatarsa, ɗinkin hannu ya fi shi ƙarko.

Rini ya fi kowace sana'a jan hankalin yara, saboda yadi yana fitowa kore-kore daga ruwan baba, ya sha iska a gaban idonsu ya koma shuɗi. Amma kada a haƙa rijiyar rini a wurin da yara ke kai-komo. Duron roba mai murfi, na lita 60 zuwa 100, a binne rabinsa a ƙasa, ya wadatar. Haɗin baba da toka a bar wa marini, shi ya san awonsa, kuma shi ne zai duba kumfa da wari ya ce ruwa ya nuna. Yakan ɗauki kwanaki, ya fi jinkiri in ana sanyi. A wanke yadin a fitar da sitaci, a ɗaure shi tamau, a jiƙa da ruwa kafin a tsoma, a tsoma a hankali ba tare da fantsama ba, don iska in ta shiga ruwan da yawa tana kashe shi. A fitar a bari ya sha iska minti 10 zuwa 15, a sake mayarwa. Yawan tsomi ne ke kawo duhun launi. Yadin auduga ke kamawa, mai roba ba ya kamawa, a duba kafin a saya. Shi kuwa rinin zamani da ake haɗawa da soda mai ƙuna da sinadarin haidiro na manya ne zalla, da safar hannu da takunkumi, ranar da babu yara. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, in ba haka ba ta tafasa ta fallatsa a ido. Kada a haɗa ta a tukunyar alminiyam, tana cin ta. Ruwan da aka gama da shi a yi masa rami mai nisan aƙalla mita 30 daga rijiyar sha, kada a sake shi a kwatar unguwa, wannan kaɗai ya isa ya haɗa zauren faɗa da maƙwabta.

Sai lokaci, wanda in aka kuskure shi gini zai zauna babu kowa. Ba a cewa kowa ya zo sanda ya ga dama. Matan aure daga hantsi zuwa azahar, bayan yara sun tafi makaranta kafin girkin rana ya matsa, kuma a lokacin mace ce ke riƙe da wurin, namiji ba ya shiga. Wannan sharaɗi a faɗe shi a masallaci tun kafin a buɗe, shi ne zai sa magidanta su bar iyalinsu su zo. A ware kusurwa da tabarma don masu goyo, nesa da allura. Samari bayan la'asar, ko bayan isha'i ga masu fita nema. Yara kuwa ranakun Alhamis da Juma'a, lokacin da makarantun allo da islamiyyu da yawa suke hutu, kuma a sallame su kafin magariba. Rana ɗaya a mako a yi zaman haɗaka na kakanni da jikoki, ana kaɗi ana saƙa ana tatsuniya. Wannan zaman shi ne zuciyar abin, kada a soke shi don an sami aikin kuɗi. Da azumi a mayar da komai safe. Da damina a dakatar da gasa tukwane, a kuma sa ran masu gona za su ragu.

Game da yara, ƙofa a buɗe take koyaushe, kuma ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya su kaɗai, ko wane ne shi. A rubuta sunan kowane yaro da na wanda ya yarda ya zo, uba ko uwa ko malaminsa. Abin da yaro ya yi nasa ne, ya kai gida ya nuna. Ranar da aka fara ɗora wa yara aikin kwangila, zauren ya tashi daga makaranta ya koma wurin ci da guminsu. A ajiye akwatin magani da bokitin yashi.

Tsohon gwani yana da haƙƙi, kuma nan ne masu kyakkyawar niyya suke yawan tuntuɓe. Ana zuwa a ce Baba a taimaka a koya wa yara saboda Allah, a manta cewa wunin da ya yi a zaure wuni ne da bai nemi na cefane ba. Zai zo mako uku don kunya, daga nan ya fara cewa ƙafa ta matsa masa. A yanka masa abin hasafi tsayayye duk mako, ko yaya yake, a ba shi a kan lokaci, a asirce, cikin girmamawa. A sama masa kujera 'yar ƙasa mai majingini da wuri kusa da taga, in idonsa ya yi rauni a kai shi a gwada masa tabarau. Kada saurayi mai takarda ya tsaya yana gyara masa koyarwa a gaban yara. Wani gwanin ba ya bayani da baki, sai dai ya ce zauna ka gani, kuma hakan koyarwa ce. Akwai kuma sirrin sana'ar gado da ba zai saki a wata na farko ba, kada a matsa masa. Su kuma samari su biya da abin da suka iya: ɗaukar hoton kaya da hasken safe a kan farin yadi, tallata su a WhatsApp da Facebook, rubuta sunayen zane da na kayan aiki a littafi, da naɗar muryar tsoho in ya yarda. Iyayen da ke ganin dukanci ko ginin tukwane ƙasƙanci ne, ba gardama za a yi da su ba. A gayyace su ranar baje koli su ga abin da ɗansu ya yi da hannunsa.

Kuɗi kuma ba na gini ne ke kashe irin wannan wuri ba, na zare da allura da fata da sabulu ne, abubuwan da ke ƙarewa kullum. Mai bayarwa yana son sayen abin da za a gani, ba ya tuna ƙananan. Shawararmu, duk gudummawar da ta shigo a ware kashi ɗaya cikin uku don kayan da ke ƙarewa da gyara. Manya su riƙa ba da kuɗin wata, kuma tunda farashi ba ya tsayawa, a ɗaure shi da wani abu, misali kuɗin kwanon masara ɗaya. Yara da almajirai da tsofaffi kyauta. Abin da babba ya yi da kayan zaure aka sayar a raba shi goma: 6 nasa, 2 na mayar da kaya, 1 na malami, 1 na asusun gyara. A yi rajistar ƙungiyar taimakon kai da kai a ƙaramar hukuma, a buɗe asusun banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Zargi yana shiga ne ta inda aka yi shiru. Kwamiti kada ya wuce mutum 7, a ciki a sami mata aƙalla 2 da tsoho gwani da saurayi, a sake zaɓe duk shekara 2. Makulli biyu, ɗaya a hannun mace ɗaya a hannun namiji, kuma dukansu mazauna kusa, domin wurin da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya yana rufe duk ranar da ya yi tafiya.

Kayan aiki a kafa allon katako a bango, a rataye kowane almakashi da guduma da basilla, a zana siffarsa da fenti a bayansa, ta yadda ko yaro ya duba zai ga gurbin da babu komai. Ba a tashi sai allo ya cika. Aro zuwa gida babu shi, ko ga ɗan kwamiti, don almakashin da aka ara ranar biki ba ya dawowa, kuma in an ba ɗaya ba a iya hana na biyu.

Ɗan siyasa ko attajiri in ya kawo taimako a karɓa a gode, a rubuta a littafi. Amma kada a liƙa hoton kowa a bango, kada a yi taron jam'iyya a ciki. Da zarar an ce zauren na su wane ne, rabin unguwa sun janye 'ya'yansu, in zaɓe ya wuce sauran rabin ma su watse. Haka nan kada a mayar da shi na wata ɗariƙa ko ƙungiyar addini, kuma maƙwabcin da ba Bahaushe ba shi ma ɗan unguwa ne, wataƙila ma matarsa ta iya wata saƙar da ba mu iya ba.

Baje koli sau biyu a shekara ya isa, mako biyu kafin kowace Sallah, lokacin da ake neman hula da takalmi da kayan ɗaki. A fara shiri wata uku kafin nan, don hular hannu mai kyau tana cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane kaya a rubuta sunan wanda ya yi da na wanda ya koya masa.

Abin da muke roƙon hukuma kaɗan ne. Akwai tsofaffin ɗakunan karatu tun na zamanin En'e, da cibiyoyin mata, da azuzuwan da ba a shiga bayan an tashi makaranta, da yawa a kulle. A ƙirga su, a gyara rufi da banɗaki, a damƙa wa unguwar da ta kafa kwamiti ta kawo sunayen gwanayenta, bisa yarjejeniya a rubuce, a kuma dawo a duba littafinsu duk wata shida. Masu unguwanni kuma su fara da abin da ba ya bukatar ko sisi: a wannan watan a zaga gida-gida da littafi, a rubuta sunan duk wani tsoho da tsohuwa mai sana'a a hannu, da abin da ya iya, da ranar da zai iya fitowa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar hannu da malaman koyar da sana'a,
Kano.